Bam ɗin Nukiliya a Shafukan Komik: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kallon Hulk ko Spider-Man, a gidan kallo ne ko a waya, ya riga ya ci karo da wannan tarihi ko da bai farga ba. Jaruman nan ba a fim aka haife su ba. A kan takarda mai arha aka haife su, a shekarun da mutanen Amurka ke haƙa ramukan ɓuya a bayan gidajensu saboda tsoron bam. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wai mene ne komik, kuma daga ina ya faro?

Komik labari ne da ake bayarwa da zane, gida bayan gida, maganar mutanen ciki tana fitowa a cikin 'yar kumfa kusa da bakinsu. Masu bin diddigi kan kai asalinsa ga wani malamin makaranta ɗan Suwizalan, Rodolphe Töpffer, wanda ya buga irin waɗannan labarai tun a shekarun 1830. Amma kasuwarsa a jaridun New York ta buɗe. A 1895 Richard Outcault ya fara zana wani yaro mai ƙwalƙwal ɗin kai da doguwar riga ruwan ɗorawa a jaridar Joseph Pulitzer, yaron ya ja masu saye har William Randolph Hearst ya zuba kuɗi ya janye mai zanen zuwa tasa jaridar.

Mujallar komik mai zaman kanta, wadda za ka saya a wurin mai jarida, ta kankama ne a 1934 da Famous Funnies, a kan senti goma. Bayan shekara huɗu, a 1938, fitowa ta farko ta Action Comics ta zo da Superman, aikin wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Sun yi nadamar wannan ciniki har ƙarshen rayuwarsu. Batman ya biyo baya a 1939, Wonder Woman a 1941. Kyaftin Amurka kuwa, a bangon fitowarsa ta farko naushi yake kai wa Hitler a muƙamuƙi, alhali Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna.

Me ake nufi da "zamanin ƙwayar zarra" a tarihin komik?

Suna ne da masu tara tsofaffin mujallu suka raɗa wa shekaru goman da ke tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da 1956. Kafin su akwai abin da suke kira zamanin zinariya, wato tashen Superman da takwarorinsa. Bayansu akwai zamanin azurfa, wanda ake ƙirgawa daga dawowar Flash, sadaukin nan mai tsananin gudu, a fitowa ta 4 ta mujallar Showcase a 1956.

A tsakiyar nan sadaukai masu alkyabba sun yi kwantai. Yaƙi ya ƙare, babu Hitler ɗin da za a nausa, sojojin da ke karanta su a sansani sun koma gida sun yi aure. Superman da Batman da Wonder Woman ne suka riƙe mujallunsu ba yankewa, mafi yawan sauran aka rufe su. Labaran soyayya da na 'yan fashi da na kaboyi da na ban tsoro da na ƙagen kimiyya suka maye gurbi. Sai dai kada sunan ya ruɗe ka: jigon nukiliya bai tsaya a 1956 ba. Mafi shaharar 'ya'yansa a shekarun 1960 aka haife su, mafi ɗacin littattafansa kuma a shekarun 1970 da 1980.

Da gaske ne gwamnatin Amurka ta taɓa taka wa Superman birki saboda sirrin bam?

Da gaske ne. A watan Afrilun 1945, wata uku kafin gwajin farko da aka yi a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yuli, labarin Superman da ke fitowa kullum a jaridu ya nuna wani farfesa yana gwada ƙarfin jarumin da na'urar farfasa ƙwayar zarra. Marubucin, Alvin Schwartz, bai san komai game da aikin sirri na Manhattan, wato shirin Amurka na ƙera bam ɗin nukiliya, ba. Na'urar daɗaɗɗiya ce a mujallun kimiyya. Duk da haka jami'an gwamnati suka tuntuɓi kamfanin suka ce a bar zancen. Wani labarin kuma, wanda a ciki Luthor, babban abokin gabar jarumin, ke jifan Superman da bam ɗin ƙwayar zarra, an riƙe shi sai farkon 1946 ya fito.

Da sirri ya tashi daga sirri, sai ƙofa ta buɗe. A Yulin 1946 Amurka ta gayyaci 'yan jarida su kalli gwaje-gwajenta a tsibirin Bikini, a Oktoban shekarar kuma bangon fitowa ta 101 ta Action Comics ya nuna Superman a sararin sama riƙe da kyamara yana ɗaukar hoton hayaƙin nan mai siffar laimar kwaɗi. A riƙe wannan hoto, domin za mu dawo kansa. Daga sama yake kallon bam ɗin.

To bayan Hiroshima, ba a ji tsoro ba ne?

An ji, amma murna da ɗoki sun fi yawa a farko. Bam ya kawo ƙarshen yaƙi, kuma Amurka kaɗai ke da shi. Kalmar "atom" ta zama kamar gishiri, kowace miya sai an barbaɗa mata. Cikin 'yan watanni aka samu jarumai masu suna Atomic Man da Atoman da Atomic Thunderbolt, ba wanda ya yi tsawon rai a cikinsu. Wanda ya daɗe shi ne wani ɓera, Atomic Mouse, da kamfanin Charlton ya fito da shi a 1953: idan zai yi faɗa sai ya haɗiyi ƙwayar yuraniyom kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Abin bai tsaya a takarda ba. A 1947 kamfanin abincin karin kumallo na Kix yana aika wa yaro zobe mai siffar bam idan ya tura senti 15 da murfin kwali, kuma a cikin zoben akwai ɗan ƙyas na sinadarin foloniyom na gaske. A 1950 kamfanin kayan wasa na Gilbert ya sayar da akwatin gwaje-gwaje na yara mai ɗauke da samfurin duwatsun yuraniyom, a kan kusan dala hamsin.

Hukuma da manyan kamfanoni ma sun gane cewa komik hanya ce ta shiga kan yaro. General Electric ya raba mujallar zane a 1948 mai bayanin cikin ƙwayar zarra. A 1949 aka fito da wata inda Dagwood, wani magidanci sakarai da Amurkawa suka saba dariya da shi a jarida, yake koyon yadda ake tsaga ƙwayar zarra, kuma Janar Leslie Groves, wanda ya shugabanci aikin ƙera bam ɗin, shi ya rubuta gabatarwa. Bayan jawabin Shugaba Eisenhower a Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 1953 kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana, wannan farfaganda ta ƙara ƙarfi. Disney ya yi littafi da shirin talabijin a 1956 da 1957 inda ya kwatanta ƙwayar zarra da aljanin nan na Dare Dubu da Ɗaya wanda masunci ya buɗe masa tulu. Kwatancen ya yi kyau, sai dai a tatsuniyar masuncin ya yi wa aljanin wayo ya mayar da shi cikin tulun. Masana kimiyya har yau ba su gano wannan dabarar ba.

Yaushe ɗoki ya koma fargaba?

Ranar 29 ga Agustan 1949, da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin a Kazakistan. Daga nan kowane yaro a Amurka ya san cewa abin da ya faɗa wa Hiroshima zai iya faɗo wa garinsu. Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950. Hukumar kare farar hula ta fito da wani kunkuru mai suna Bert, a fim da kuma ɗan littafin zane, yana koya wa 'yan makaranta su duƙa su shige ƙarƙashin tebur da zarar sun ga walƙiya.

Masu komik suka rabu biyu. Kashi na farko suka mayar da tsoron haja. Kamfanin Ace ya fito da Atomic War! a 1952, bangon farko yana nuna New York tana rugujewa cikin wuta, labarin kuma yana cewa a 1960 Rasha za ta yi wa Amurka yaudarar sulhu sannan ta kai mata harin ba-zata. Darasin da ake so mai karatu ya ɗauka shi ne a ƙara tara makamai. Fitowa huɗu ta yi ta mutu. A irin waɗannan mujallu yaƙin nukiliya yaƙi ne kamar kowane, ana jifa ana ramawa, jarumi ya karkaɗe ƙura ya ci gaba.

Kashi na biyu shi ne kamfanin EC na William Gaines, kuma a ganina nan ne komik ɗin Amurka ya fara yin hankali. Mujallunsa biyu na ƙagen kimiyya, Weird Science da Weird Fantasy, sun sha ƙare labari da duniya ta zama toka, ba tare da wani sadauki ya zo ceto ba. A 1953 Wally Wood ya zana musu wani gajeren labari na Ray Bradbury game da gida mai sarrafa kansa, wanda ke ci gaba da dafa abinci da share ɗaki da sanar da lokaci, alhali abin da ya rage na masu gidan shi ne inuwarsu da zafin bam ya buga a jikin bango. A shekarar dai Harvey Kurtzman, editan mujallun yaƙi na kamfanin, ya rubuta labarin bam ɗin Nagasaki ta bakin wani iyali na Japanawa da ke cikin garin. Shekara takwas kacal da gama yaƙi, a ƙasar da ta jefa bam ɗin, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Me ya kashe irin waɗannan labarai?

Ba batun bam ne ya kashe su kai tsaye ba, guguwar da ta taso kan tarbiyyar yara ce ta haɗa da su. Wani likitan ƙwaƙwalwa a New York, Fredric Wertham, ya buga littafi a 1954 yana ɗora alhakin lalacewar matasa a kan komik. A wasu garuruwa an riga an fara tara mujallun ana ƙonawa a harabar makaranta. A Afrilun shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zama a New York, Gaines ya kai kansa ya ba da shaida. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujallarsa mai hoton mutum riƙe da gatari a hannu ɗaya da kan mace a ɗayan, ya tambaye shi ko wannan ya dace. Gaines ya ce ga mujallar ban tsoro, ya dace. Washegari amsar tana shafin farko na jaridu.

Kafin gwamnati ta yi doka, kamfanonin suka yi wa kansu. Suka kafa hukumar tace komik a ƙarshen 1954, da ƙa'idoji masu tsauri: dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, ba a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali, ba fatalwa mai shan jini, ba gawa mai tafiya. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar, dillalai da yawa ba sa karɓa. To labarin da ke ƙarewa da halakar duniya saboda wautar shugabanni, ina zai shiga a nan? EC ya rufe kusan komai, ya tsira da mujallar barkwanci ta Mad kaɗai, wadda ya mayar da ita babbar mujalla don ta fita daga hannun masu tacewa.

Abin da ya biyo baya shi ne dodanni. A ƙarshen shekarun 1950 mai zane Jack Kirby da abokan aikinsa sun cika shafuka da ƙattin halittu waɗanda sau da yawa gwajin bam ne ke tashinsu daga barci, a shafi na ƙarshe kuma wani mai dabara ya ga bayansu. Tsoron yana nan, an dai sa masa takunkumi. A 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardun Wertham ta nuna cewa ya sassauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su. A lokacin hukumar tacewar ta riga ta mutu, shekara guda kafin nan.

Me ya sa kusan duk jaruman kamfanin Marvel na farko tururin nukiliya, wato hasken nan marar ganuwa da ke ratsa jiki, ne asalinsu?

Duba shekarun. Fantastic Four sun fito a 1961: mutum huɗu sun yi gaggawar tashi zuwa sararin samaniya don kada 'yan gurguzu su riga su, tururin sama ya ratsa kumbonsu ya jirkita su. Hulk ya fito a Mayun 1962, Spider-Man, wanda gizo-gizon da ya sha tururi ya ciza, a Agusta, a Oktoba kuma rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kai duniya bakin rami. X-Men sun zo a 1963, shekarar da aka sa hannu a Mosko kan hana gwajin bam a sararin sama da cikin ruwa. A fitowarsu ta farko malaminsu yana cewa iyayensa sun yi aiki a shirin ƙera bam na farko. Daredevil, a 1964, wani sinadari mai tururi ne ya faɗo daga mota ya makantar da shi ya kuma kaifafa sauran gaɓoɓinsa.

A lokacin iyaye mata a birnin St. Louis suna aika haƙoran da yaransu suka famfare ga masu bincike, don a auna yawan burbushin gwajin bam da ya shiga ƙashin yara ta hanyar madara. Kowa ya san kalmar, ba wanda ya san iyakar abin da take yi. Marubuci kuwa abin da yake nema ke nan. A tatsuniya idan ana son mutum ya rikiɗa sai a kawo aljani ko boka. Stan Lee, marubucin Marvel, sai ya kawo tururi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa bai san mene ne tururin "gamma" da ya haifi Hulk ba, sunan ne ya yi masa daɗi a kunne.

Hulk ya fi sauran faɗin gaskiya. Bruce Banner, masanin da ya rikiɗa ya zama Hulk, shi ne ya ƙera bam ɗin, ya ruga filin gwaji don ya ceci wani saurayi da ya shiga da mota, mataimakinsa wanda ɗan leƙen asiri ne ya ƙi tsayar da ƙirge. Abin da ya fito daga jikinsa ba ya jin magana, sojojin da suka ba da kwangilar bam ɗin su ne ke farautarsa. A fitowa ta farko launin toka ne da shi, injin buga launi ya kasa daidaita tokar sai aka mayar da shi kore. Mujallar ma fitowa shida ta yi aka dakatar da ita, daga baya ne ya yi suna.

A kimiyyance, tururin nukiliya na iya ƙara wa mutum ƙarfi?

A'a. Tun 1927 Hermann Muller ya nuna cewa tururi na jirkita ƙwayoyin gado, da gwajin da ya yi a kan ƙananan ƙudaje, ya kuma samu kyautar Nobel a 1946. Amma jirkitar ɓarna ce. Masana biyu da haɗari irin na Banner ya rutsa da su a Los Alamos, cibiyar ƙera bam ta Amurka, Harry Daghlian a 1945 da Louis Slotin a 1946, na farko ya yi kwana 25 ya rasu, na biyu kwana tara. Kaɗan-kaɗan kuma, abin da yake bari shi ne sankarar jini da sauran cututtukan daji bayan shekaru.

Japanawa fa, da abin ya faɗa a kansu, yaya suka zana shi?

Da farko ba su samu damar zanawa ba. Har zuwa 1952 ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Amurka, kuma masu tace labarai sun taƙaita abin da za a buga game da Hiroshima da Nagasaki, inda zuwa ƙarshen 1945 aka ƙiyasta mutuwar mutum kusan 140,000 a ɗaya da kusan 70,000 a ɗayan. Waɗanda suka tsira ma ɓoye kansu suke yi, domin ana ƙyamar aurensu, ana gudun ɗaukarsu aiki. A Maris ɗin 1954 gwajin bam ɗin haidurojin na Amurka a Bikini ya zubo wa wani jirgin masunta na Japan farar toka, mutum 23 da ke ciki suka kwanta, mai kula da rediyon jirgin ya rasu bayan wata shida. A Nuwambar shekarar fim ɗin Godzilla ya fito.

Wanda ya zana abin yadda yake shi ne Keiji Nakazawa. Yana ɗan shekara shida, yana bakin ƙofar makarantarsu, kilomita ɗaya da 'yan kai daga inda bam ya fashe, katangar siminti ta kare shi. Mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa gida ya danne su, wuta ta cinye su. Mahaifiyarsa mai tsohon ciki ta haihu a ranar, jaririyar ta rasu bayan 'yan watanni. Ya girma ya koma Tokyo ya zama mai zane, bai ce uffan kan Hiroshima ba har mahaifiyar ta rasu a 1966. A al'adarsu ƙona gawa ake yi, dangi su tsince ƙasusuwa daga cikin toka. Da ya je tsinta bai samu ƙashin kirki ba, duk ya zama gari. Ya ce a nan ya ji cewa bam ɗin ya bi ta har cikin ɓargo, kuma daga nan ya fara.

A 1973 ya soma Hadashi no Gen, wato Gen mara takalmi, a mujallar yara maza ta mako-mako Shonen Jump, a tsakiyar labaran wasanni da na barkwanci. Ya kai littafi goma. A ciki akwai mutane suna tafiya da hannuwa a miƙe fata na reto daga yatsunsu, akwai tsutsa a cikin gyambo, akwai masu roƙon ruwa. Amma bai tsaya kan Amurka ba. Kusan duk littafin farko kafin faɗuwar bam ne, kuma a kan zaluncin sojojin Japan ne, da maƙwabtan da ke kiran mahaifin Gen maci amana saboda ya ce yaƙin banza ake yi, da wulaƙancin da ake yi wa 'yan Koriya. Uban yana yawan ce wa 'ya'yansa su zama kamar alkama, wadda ake tattakawa tana ƙarama ta tashi da ƙarfi.

Ka tuna Superman da kyamararsa a saman hayaƙi. Nakazawa a ƙarƙashin hayaƙin yake, kuma duk bambancin komik ɗin ƙasashen biyu daga nan ya taso.

To amma Astro Boy ba ɗan Japan ba ne? Shi ai da nukiliya yake aiki.

Haka ne, sunansa na asali ma Tetsuwan Atomu. Osamu Tezuka ya fara shi a 1952: mutum-mutumi ne mai siffar yaro, mai tausayi, injin nukiliya a ƙirjinsa, ƙanwarsa kuma sunanta Uran, daga yuraniyom. Ƙasar da ba ta da man fetur, wadda ta ga cewa kimiyya ce ta kayar da ita, ta ƙudura cewa kimiyya ce za ta tashe ta. A 1966 ta kunna tashar lantarkin nukiliya ta kasuwanci ta farko. Fata da fargaba sun zauna a gida ɗaya. Akira na Katsuhiro Otomo, wanda ya fara a 1982, da fashewar da ta shafe Tokyo yake buɗewa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 kuma wani mai zane ya shiga aikin share tashar a matsayin lebura, ya fito ya zana abin da ya gani, har yadda hanci ke ƙaiƙayi a cikin takunkumi ba halin sosawa.

Me ya sa jigon ya dawo da ƙarfi a shekarun 1980?

Yaƙin cacar baka ya sake zafi, ana girke sababbin makamai masu linzami a Turai. Gwamnatin Birtaniya ta fito da ɗan littafi a 1980 mai koya wa jama'a yadda za su tsira: a cire ƙyauren ɗaki a jingina da bango a shiga ƙarƙashi, a shafa wa tagogi farin fenti. Raymond Briggs, wanda aka sani da littattafan yara, ya ɗauki wannan shawara ya ba wasu tsofaffi biyu, Jim da Hilda, a littafinsa When the Wind Blows na 1982. Suna bin umarnin hukuma sau da ƙafa, suna tuna yaƙin Hitler kamar wani biki, suna jiran motar agaji, gashinsu na zuba, dasashinsu na jini. Za ka yi dariya a rabin farko, ka ji kunyar dariyar a rabi na biyu.

Sai Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, fitowa 12 daga 1986, shekarar haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl, zuwa 1987. Moore ya ɗauki tsohon labarin masanin da haɗari ya mayar da shi gagarabadau ya yi masa tambayar da Marvel ba ta yi ba: idan da gaske akwai irin wannan mutum, gwamnati za ta bar shi yana kama ɓarayi? Dakta Manhattan, irin wannan mutum a littafin, makami ne. Da shi Amurka ta ci yaƙin Biyetnam a labarin, saboda shi Rasha ke ƙara tara bama-bamai, shi kuma kullum damuwarsa da 'yan Adam raguwa take yi. Agogon da ke matsawa zuwa sha biyun dare a kowace fitowa, aro ne daga agogon da wata mujallar masana nukiliya ta Amurka ke bugawa tun 1947.

Ina Afirka a cikin wannan labari?

A cikin bam ɗin kansa tana nan tun farko. Mafi yawan yuraniyom ɗin da aikin Manhattan ya fara da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga ya fito, lokacin Kwango na hannun Beljiyam. Faransa ta yi gwajinta na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960 a Reggane cikin Saharar Aljeriya, ta yi 17 a can kafin 1966 ta ƙare. Mutanen da iskar hunturu ke kawo musu ƙurar Sahara kowace shekara ba su ɗauki abin da wasa ba: Gana ta Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa, a Janairun 1961 kuma gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta hana jiragenta sauka. A Arlit ta Nijar an fara fitar da yuraniyom a 1971.

A shafukan komik kuwa, da ƙyar za ka ga mai haƙar. An zana masanin, an zana matuƙin jirgin, Japanawa sun zana wanda abin ya faɗa wa, amma wanda ya fasa dutsen ya daɗe ba shi da fuska. Wani babban littafin zane da ya fito da Faransanci a 2020, La Bombe, mai shafi sama da 400, ya ɗan rage wannan giɓi: yuraniyom ɗin ne da kansa ke ba da labari, kuma hanyarsa ta bi ta Katanga.

Akwai wata 'yar alaƙa da ba kowa ya sani ba. Shekara goma kafin Watchmen, Dave Gibbons yana zana wani baƙin sadauki mai suna Powerman, wanda aka ƙirƙira a 1975 musamman don kasuwar Najeriya, suna karɓa-karɓa da Brian Bolland.

Har yanzu ana yin irin waɗannan labarai?

Ana yi, amma tururi ya sauka daga kujerarsa. A fim ɗin Spider-Man na 2002 gizo-gizon da ya ciji yaron ba tururi ya sha ba, ƙwayoyin gadonsa aka sarrafa a ɗakin gwaji. Kowane zamani da aljaninsa. Na yanzu annoba ce da na'ura mai tunani. Tsofaffin mujallun kuwa sun zama dukiya: kwafi ɗaya na Action Comics na farko, mai senti goma, an sayar da shi dala miliyan shida a 2024.

Ya dace a ba yara su karanta?

Ya danganta da wanne. Na sadaukan shekarun 1960 don yara aka yi su. Watchmen na manya ne, akwai tsiraici da zubar da jini. Na Briggs yana kama da littafin yara a ido, kada wannan ya yaudari uba.

Gen ne mai wuyar hukunci, kuma Japanawa kansu ba su gama shawara ba. Shekaru da dama yana cikin ɗakunan karatu na makarantun firamare, yara da yawa a wurinsa suka fara sanin abin da ya faru. A Disambar 2012, watan da Nakazawa ya rasu, hukumar ilimi ta birnin Matsue ta nemi makarantu su janye shi daga kantar da yara ke ɗauka da kansu, saboda hotunan ta'asar da sojojin Japan suka yi a ƙasashen Asiya. Da labari ya fita a Agustan 2013 aka yi ca a kanta, ta janye umarnin, cinikin littafin kuma ya tashi. A 2023 hukumar ilimi ta Hiroshima kanta ta cire wani yanki nasa daga darasin zaman lafiya na 'yan aji uku, tana cewa yaran yanzu ba sa gane yanayin rayuwar da ke ciki cikin ɗan lokacin da malami ke da shi. Dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, hukumar ba ta sauya matsayi ba.